Motar gudu ta da ko ta yanzu? Fashin baƙi kan gardamar da ta ƙi ƙarewa

Wai tsakanin motar gudu ta da da ta yanzu wacce ta fi? Wannan tambayar ce ta hana mu shan shayi na uku cikin natsuwa a fadarmu ta Zango daren Asabar ɗin da ta wuce, don wani ƙanenmu ya jefo bidiyo a gurup ɗin WhatsApp inda aka jera wata tsohuwar Ferrari ja da wata motar lantarki sabuwa fil aka ce su tashi tare, kafin ka ƙifta ido ta lantarkin ta ɓace ta bar Ferrari tana ta kururuwa a baya. Yara suka fashe da dariya suna cewa to ina masu cewa da ta fi yanzu. Sai wani dattijo bakanike da kan zauna da mu jefi-jefi, wanda ya fi shekara 40 hannunsa cikin baƙin mai, ya karɓi wayar ya kalla har sau biyu, ya miƙa wa mai ita ya ce "ɗana, waccan da ta ci ba mota ba ce, firiji ne aka sa wa taya." Daga nan fa musu ya kaure har gawayi ya mutu ba wanda ya lura.

Da na koma gida na yi tunani sai na ga ai mun raba dare muna ja-in-ja ne alhali kowa da ma'auninsa, yara suna kallon agogo da lambobi, dattijon nan da muke kira Baba kuma yana auna abin da hannu da kunne ke ji. Kuma ba a Damagaram aka fara wannan gardama ba, masoya mota a Turai da Amurka da Japan sun daɗe suna yinta, har ta taɓa sa kamfani ya janye shawarar da ya yanke. Shi ya sa na ce bari in warware zaren a hankali, don akwai maganganun da ake faɗa da ƙarfin murya a fada waɗanda ba haka suke ba.

Tukuna, mece ce motar gudu?

Mu nan duk motar da ta tsaga titi ta tayar da ƙura sai mu ce mai gudu ce. Land Cruiser V8 ɗin manyan 'yan kasuwa in aka sakar mata a hanyar Tanout za ta ba ka tsoro, amma ba ita ake nufi ba. Motar sipor, kamar yadda 'yan lakwal ke cewa, mota ce da tun daga zane aka ƙera ta don daɗin tuƙi, babu ruwanta da ɗaukar iyali balle buhun hatsi. Tana kwance kusa da ƙasa, ba ta da nauyi, galibi kujera biyu, in ma akwai na baya to sai yaro ƙarami zai iya shiga, kuma an ajiye injin inda nauyi zai daidaita, wata a gaba, wata a tsakiya daf da bayan direba kamar Lamborghini Miura ta 1966, wata can ƙarshen baya kamar Porsche 911. Gwanintarta a kwana take fitowa. Misali Mazda MX-5 da ta fito a 1989 ƙarfin dawaki wajen 115 gare ta, Hilux na yanzu ma ya fi ta ƙarfi, amma duk duniya an yarda motar sipor ce ta gaske, kuma an sayar da fiye da miliyan ɗaya.

Sai kuma na tsaka-tsaki, wato motocin gida da kamfani ya ɗauka ya ƙara musu wuta, irin su Golf GTI da ta fara fita a 1976, da Peugeot 205 GTI ta 1984, da BMW M3, da Mercedes 190E 2.3-16. Gaskiya waɗannan su ne suka fi shafarmu, don danginsu ne ke yawo a titunanmu, Ferrari kam yawancinmu a waya muka san ta.

Ba kowace tsohuwa ce ke da daraja ba

Nan ne kuskure na farko. Mutum ya ji an sayar da tsohuwar mota da kuɗi masu firgitarwa sai ya waiwayi akwalar da ke ƙofar gidansu kaji na ƙwai a ciki ya fara lissafi.

Ga yadda abin yake. Ƙungiyar duniya ta masu kula da tsofaffin motoci, FIVA, ta ce sai mota ta kai shekara 30 kuma an adana ta a kamanninta na asali kafin a kira ta ta tarihi. Faransa ma shekara 30 take bi wajen ba da takardar mota ta musamman, Jamus haka nan, har lamba mai harafin H suke liƙa mata, Ingila kuwa sai 40 kafin a yafe mata haraji. Ka ga kenan iyakar tafiya take yi, Toyota Supra ta 1993 wadda a idonmu jiya-jiya ta fito yau ta shiga sahun tsofaffi. Amma shekaru kaɗai ba sa kawo kuɗi. Abin da ke kawo kuɗi shi ne ƙarancin motar, da tarihinta, wa ya tuƙa ta, wace gasa ta ci, sannan uwa uba a same ta da injinta na asali da takardunta. Ferrari 250 GTO guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, shi ya sa ɗaya ta tashi a kan dala miliyan 48 da ɗoriya a gwanjon 2018. Mercedes 300 SLR ta 1955 mai rufin sama kuwa guda biyu ne a duniya, a 2022 aka sayar da ɗaya kan yuro miliyan 135, in ka juya shi sefa ya haura miliyar 88. Mota ɗaya fa!

To 504 ɗin da aka yi wa dashen injin wata motar, aka yi mata walda sau goma, aka shafe ta da fentin ƙofa, ita darajarta a zuciyar mai ita take, kuma ni ban raina wannan ba.

Me ya canza motocin har aka samu ɓangare biyu?

Mutane da yawa sun ɗauka kamfanoni ne kawai suka bushi iska suka cika mota da waya da kwamfuta don su hana bakanike cin abinci. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma babban dalili doka ce. Dokar hayaƙi ta fara matse su a Amurka tun shekarun 1970, Turai ta kawo Euro 1 a 1992 kuma tun daga nan sai ƙara ɗaure igiya ake yi. Kabireta ba ta iya auna mai daidai yadda dokar ke so, dole aka koma allurar mai da ƙwaƙwalwar lantarki ke sarrafawa, aka sa katalizer mai tace hayaƙi a salansa, aka rage girman inji aka ƙara masa turbo mai cusa masa ƙarin iska. Ga kuma dokar kare rai, jakar iska, ƙarafan ƙarfafa ƙofa, birkin ABS mai hana taya kafewa da Mercedes ta fara sawa a manyan motocinta a 1978, da na'urar hana mota juyawa, ESP, da ta fito a 1995 kuma tun Nuwamban 2014 ta zama dole ga duk sabuwar mota a Tarayyar Turai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan nauyi ne. Golf GTI ta farko kilo 810 ce da dawaki 110, ta yanzu ta haura kilo 1,400 da dawaki sama da 240.

In kana son ganin tarihin gardamar nan a jikin mota ɗaya, ka dubi Porsche 911. An fara nuna ta a 1963 da sunan 901, sai Peugeot, eh Fijo ɗinmu da muka sani, ta ce a'a, lamba uku mai sifili a tsakiya tata ce, dole aka canza zuwa 911. Injin silinda shida, dawaki 130, kuma iska ce ke sanyaya shi, ba lagireto ba ruwa, kamar dai Volkswagen ɗin nan mai siffar kunkuru. Haka aka tafi har 1998 aka daina mai iska aka koma ruwa, a nan masoyanta suka rabu gida biyu, wasu har yau cewa suke 911 ta mutu a shekarar. Da aka zo 2013 kamfanin ya fitar da samfurin 911 mai suna GT3 ba giyar hannu sai otomatik, aka yi musu caa, a 2016 suka fito da 911 R mai giyar hannu guda 991 aka wawashe, shekara ta zagayo suka maido da giyar hannu a GT3 ɗin. A 2024 kuma suka sa wa 911 batirin taimako, wato injin fetur da lantarki na aiki tare. Ferrari ita ta daina giyar hannu a manyan motocin da take sayarwa tun wajen 2012.

Abin da masu son na da ke nufi

Wannan ɓangaren ne yara ba su fahimta, kuma shi ne ya fi wuyar bayani don ba ya shiga lamba. Da aka matsa wa Baba ranar, wani ya ce "to Baba ai an bar ta a baya, me kuma ya rage?" sai ya ce "yaro, ka taɓa hawan doki? Kabu-kabu ya fi doki sauri, amma ranar Sallah me Sarki ke hawa?" Aka yi shiru na ɗan lokaci.

Abin da suke nufi shi ne a tsohuwar motar gudu kai ne kake tuƙi. Sitiyari ba wani lantarki tsakaninsa da taya, duk tsakuwar da ka taka tana zuwa tafin hannunka, in gaban motar ya fara santsi tun kafin ido ya gani hannu ya ji. Kuloci da nauyi, giya sai ka lallaɓa ta, in ka yi kuskure motar ta nuna maka nan take ba kunya, in ka yi daidai kuma daɗin naka ne kai kaɗai. Ferrari F40 ta 1987, wadda ita ce ta ƙarshe da Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin, ya sa wa albarka kafin ya rasu a 1988, ba ABS, ba taimakon sitiyari, ba rediyo, ba darduma, ƙofar ma daga ciki igiya kake ja ta buɗe, amma tana wuce kilomita 320 a awa. Masu sonta cewa suke wannan tsiraicin shi ne kyanta.

Sai ƙara. Kowane tsohon inji da muryarsa, mai kunne yana banbance silinda shida da takwas da goma sha biyu daga nesa kamar yadda ake banbance kalangu da kotso. Turbo da matatun hayaƙi sun shaƙe wannan murya, har ta kai wasu kamfanoni, ciki har da BMW da Volkswagen, suna ƙara ƙarar inji ta lasifika ko wata 'yar na'ura cikin mota, Hyundai ma ta yi motar lantarki, Ioniq 5 N, da ke kwaikwayon canjin giya alhali ba giyar da ake canzawa. A nan kam ina tare da Baba ɗari bisa ɗari, in da abin nan ba shi da daraja da ba a ɓata kuɗi ana kwaikwayonsa ba.

Hujjarsu ta uku ita ce ta fi ƙarfi a wurinmu, wato gyara. Tsohuwar mota in ta tsaya tsakanin Takieta da Matamai, buji ne ko kabireta ko wayar wuta, da sukundireba da filaya da ɗan haƙuri ka iso gida. Na taɓa ganin Baba ya ɗora bakin doguwar sukundireba a kan inji ya kafa kunnensa a ƙotar ya rufe ido, minti ɗaya ya ɗago ya faɗi inda ciwon yake, aka buɗe aka tarar haka ne.

Abin da masu son na yanzu ke nufi

Su nasu mai sauƙi ne, kuma a kan lambobi ba a kayar da su. F40 tana ɗaukar wajen daƙiƙa 4 kafin ta kai kilomita 100, yau Audi RS3 mai ƙofa huɗu da mutum zai kai yara lakwal da ita tana yin ƙasa da haka, da kilim ɗinta a kunne. Bugatti Veyron ta 2005 dawaki 1,001 ta haura kilomita 400. Rimac Nevera ta ƙasar Kuroshiya, ta lantarki zalla, dawaki sama da 1,900, ba ta cika daƙiƙa 2 ba ta kai 100, duk da nauyinta ya haura tan biyu. Birki ya fi, taya ta fi, ba ta zafi a cunkoso, ba ta ƙin tashi da safe, giyar otomatik ta yanzu ta fi hannun kowane gwani sauri. Kuma suna da wata magana mai zafi, cewa yawancin masu kukan giyar hannu a intanet ba su taɓa sayen sabuwa ko ɗaya ba, kamfani kuwa mai biya yake saurare.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa, wato rabin son tsohuwar mota son ƙuruciya ne. Wanda ya tashi yana ganin 504 sabuwa a ƙofar gidan Kumandan ko gidan wani Alhaji ba zai taɓa kallonta da idon da ɗan shekara 20 ke kallonta ba.

"Ƙarfen da ya fi ƙarfi"

Wannan ita ce maganar da na fi son in tsaya a kai, don kusan kowa ya yarda da ita, har ni a da. Ana cewa motar da in ta yi karo sai dai a goge ƙura, ta yanzu kuwa kamar gwangwanin madara, ɗan taɓi kaɗan ta lotse. To wannan lotsewar da gangan aka yi ta. Gaba da bayan motar zamani an ƙera su su murƙushe su shanye dukan, shi kuma ɗakin da mutane ke ciki an yi shi da ƙarfe mai tauri sosai don ya tsaya. A tsohuwa dukan ba ya da inda zai tsaya, sai ya wuce kai tsaye jikin mutum, sitiyari ya daki ƙirji. A 2009 wata cibiyar binciken haɗari ta kamfanonin inshora a Amurka, IIHS, ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba, kowacce a kan gudun kilomita 64, bidiyon yana YouTube, tsohuwar mai kama da tankar yaƙi ita ce ta yamutse har cikin kujerar direba, sabuwar kuwa ɗakin ya tsaya cak. Bel ɗin ɗaurewa mai kafa uku ma sai a 1959 Volvo ta kawo shi.

Motocin gudun da sun ci mutane, ba ƙarya. Ɗan fim ɗin Amurka James Dean a cikin Porsche 550 ya rasu a 1955. Porsche 911 Turbo ta farko, ta 1975, laƙabin da aka sa mata ma'anarsa mai sa mata takaba, saboda turbon sai ya yi shiru ya yi shiru sannan ya zo gaba ɗaya a tsakiyar kwana, ga nauyin inji a baya, sai gindin motar ya wuce gabanta. Irin wannan halin da masoya ke kira armashi shi ne ESP ta zo ta kashe. Da na nuna wa Baba bidiyon Bel Air bai ce komai ba sai "Allah Ya kiyaye", ya nemi a sake masa daga farko.

To a titin Damagaram fa?

Nan ne gardamar Turawa ke rasa ƙafa. Su suna musu ne a kan kwalta mai santsi kamar faranti. Mu kuwa motar da cikinta bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba, ko ta 1970 ce ko ta bana, tudun rage gudu na farko zai kwashe mata haɓa, balle lungunan Birni da duwatsunsu ko rairayin Garin Malam ko ramukan da damina ke bari. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska ta kuma rikita 'yan na'urorin da ke auna iskar da inji ke shaƙa. Ga batun mai, injinan gudu na yanzu kamfani cewa yake a ba su fetur mai lambar inganci 98 tsabtatacce, mu kuwa duk da matatar mai ta SORAZ na nan arewa da gari tun 2011, da yawanmu a kwalbar 'yan ruwa-ruwa muke sha, wanda sai mai shi ya san abin da ke ciki. Kabireta tana haƙuri da wannan, allurar mai ta zamani ba ta yi. Ta lantarki kuma ba sai na ce komai ba, duk wanda ya kwana a tsakar gida yana fifita saboda an ɗauke wuta ya san amsar.

Amma kar mu ɗauka ƙasarmu ba ta da rabo a tarihin nan. Gasar Paris-Dakar da Thierry Sabine ya fara a ƙarshen 1978 ta sha ratsa Nijar ta Agadas da Tenere, kuma Porsche ta ci gasar a 1984 da wata 911 da aka ɗaga aka sa wa taya huɗu ja, ta sake ci a 1986 da 959, duka biyun René Metge ne a sitiyari. Peugeot ta karɓa daga 1987 har 1990 da 205 da 405 na tsere. Kafin nan ma 504 ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, shekarar da aka fara haɗa Fijo a Kaduna. Kuma 504 mai ƙofa biyu gidan Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, gidan da ya zana F40. Ashe dai motar da muke lodin mutum tara da awaki zuwa Magarya 'yar dangi ce. Abin dariya, a 2022 Porsche ta fito da 911 Dakar mai tsayin ƙafa guda 2,500, Lamborghini ma ta yi irin haka da Huracán Sterrato, wato attajiran Turai sun biya kuɗi mai yawa don a yi musu motar gudu da za ta iya hanya irin tamu.

Ina ruwan talaka da wannan musu?

Da ruwansa kuwa, ta hanyoyin da ba a lura. Na farko, duk abin da aka fara gwadawa a motar masu kuɗi ƙasa yake gangarowa. ABS da ESP da turbo da giya mai kuloci biyu duk a sama suka fara, yau suna cikin ƙananan motoci. Mu kuma ba sabuwa muke saye ba, 'yar Kwatano ce, ko ta Lome tun da iyakar Benin ta rikice bayan Yulin 2023, wato abin da Turai ta ƙera shekara 10 ko 15 da suka wuce shi ke sauka a duwan ɗinmu yau. Ka lissafa da kanka. A 2023 Tarayyar Turai ta amince da dokar daina sayar da sababbin motoci masu hayaƙi daga 2035, har yanzu suna ta ja-in-ja a kanta, amma ko an sassauta, masu batirin taimako da masu lantarki su ne za su cika filayen sayar da na hannu nan gaba, ko muna so ko ba ma so.

Wannan kai tsaye ya taɓa garaji. Yaron da ke koyon aiki yau in iyakarsa kabireta to ya koyi sana'ar da kasuwarta ke raguwa. Tun 1996 motocin Amurka ke zuwa da kafar da ake jona na'urar gwaji, Turai ta biyo baya, kuma yanzu akwai 'yar ƙaramar da ake jonawa ta yi magana da waya. Matsalar ita ce na'urar lamba kawai take ba ka, ba ta ce maka waya ce ɓera ya ci ba. Na taɓa kai motar wani ɗan uwana wani garaji saboda wutar inji ta kama a allo, aka jona, aka ce a sayo piyes, muka aika Kano aka kawo, jika saba'in ta tafi, wuta ba ta mutu ba, ƙarshe wani tsoho ya bi wayoyin da hannu ya tarar da ɗaya ta goge a jikin ƙarfe, ya naɗe ta da salatif. Wanda zai ci kasuwar gobe shi ne mai na'ura a hannu da kunne irin na Baba, kuma irin wannan ba su da yawa a garin nan tukuna. Wata ɗabi'ar kuma da ya kamata a duba ita ce ta cire duk abin da ba a gane ba, a fasa katalizer, a tsinke wayar ABS, a rufe wutar jakar iska da baƙin salatif don mai saye kar ya gani. Mota irin wannan ta rasa sauƙin ta da, ta rasa tsaron ta yanzu.

Sai wasan mota ranar ɗaukar amarya. Yaran da ke kallon bidiyon nan su ne ke karɓar aron tsohuwar Mercedes ko BMW mai jan baya su zo mararraba suna juyi, taya sulɓi, birki sai addu'a, mutane sun yi da'ira har da yara ƙanana da 'yan talla. Waɗanda suke kwaikwayo a rufaffen fili suke yi da hular kwano da ƙarafan kariya cikin mota da motar asibiti a gefe. Kuma waɗannan tsofaffin su ne ainihin waɗanda ba su da na'urar da za ta kama su in suka kufce. Ni a ganina da hukuma da masu sha'awar za su zauna a ware fili can bayan gari da rana ta musamman, da ya fi kamun da ake yi bayan an riga an taka wani.

Na ƙarshe shi ne na masu tsofaffin motoci a ajiye. Ba kowacce ce dukiya ba kamar yadda na faɗa, amma kafin a kira 'yan gwangwan su auna a kilo, a duba lambar jiki da ta inji, a nemo takardu, a ɗauki hoto a tambaya. 205 GTI ta gaske, ko 190E mai bawul 16, ko 504 mai ƙofa biyu, ko tsohuwar Land Cruiser ta shekarun 1970 da ba a yi wa dashe ba, duk suna da masu nema a waje, kuma bushewar ƙasarmu ta sa tsatsa ba ta cin su kamar na bakin teku. Shi Baba yana da 404 fikof a bayan garajinsa an lulluɓe da tamfol, duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya tayar da ita ta yi minti goma ya kashe. Wani dillali daga Maradi ya zo sau biyu, na biyun har da kuɗi a leda, Baba ya sa aka kawo masa ruwa da goro, ya raka shi har bakin titi ya tsayar masa da kabu-kabu.